Zauren Tarbiyya: Yarona na cin lissafi a aji amma bai iya karɓo canji ba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo a wannan karon da yawansu kan abu ɗaya suke, yara da ƙirgen kuɗi, shi ya sa na zaɓi huɗu na haɗa su wuri guda. Kaman kullum na cire sunaye.

TAMBAYA daga wata uwa a Zariya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Yarona shekararsa 7 yana aji biyu, kuma wallahi a makaranta lissafi ya fi ci, amma in na aike shi shagon layinmu da 500 ya siyo abin 350 sai ya dawo min da 50 ko 100 yana ta murnarsa, in nace nawa ya kamata a ba ka sai ya tsaya yana kallona. Kwanaki har aikin gida aka ba su na ƙirga kwandala, hoton kwabo 50 da naira 1, abinda ko a ido bai taɓa gani ba. Babansa yace shashanci ne kawai ke damunsa. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki ba babansa haƙuri ki ce masa yaron nan lafiyarsa ƙalau, abinda aka koya masa shi ya iya, wanda ba a koya masa ba kuma a ina zai samo shi? A aji an nuna masa ya rubuta 500 a sama 350 a ƙasa ya ja layi, sifili ba zai fidda biyar ba sai ya yi aro, duk wannan yana zaune da fensir da takarda malama na jiransa. A shago kuwa ba fensir, ga manya sun cika wurin kowa na miƙa kuɗi ta saman kansa, mai shago na cewa kai yaro karɓi ka matsa, toh ɗan shekara 7 ina zai tsaya yin aro a ka? Ko ni da ke ba haka muke yi ba. Ki lura da mai kayan miya ko kwandasta in zai ba ki canji, ai ciko yake yi. Kin sayi abin 350 kin ba shi 500, sai ya ɗora miki hamsin a hannu yace ɗari huɗu, ya ɗora ɗari yace ɗari biyar kuɗinki sun cika. Daga farashin kayan yake tashi yana hawa har ya kai kuɗin da kika miƙa, abinda ya taru a tafin hannunki shi ne canjin. Wannan hanyar nake so ki koya wa yaronki, a gida, da kuɗi na gaske a hannunsa.

Maganar kwandala kar ta dame ki. Sulallan da ke littafin nan, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, Babban Bankin Najeriya ya fito da su a 2007 kuma a doka har yau kuɗi ne, amma ke ma kin san ba mai shagon da zai karɓa. Ki taya shi yin aikin gidan, ki faɗa masa kwabo 100 ke yin naira 1, in kakarsa na da wasu a ƙasan kwalla ta nuna masa ya taɓa, shi kenan an wuce wurin. Ainihin aikin da takardun kuɗi za ki yi shi.

Ki fara da tabbatar da cewa ya san su ɗaya bayan ɗaya, kar ki ɗauka ya sani don yana aji biyu. Ki baje su a tabarma ku bi su tare, ga Tafawa Ɓalewa a naira 5, ga Murtala a naira 20 da Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, ga Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500, dubu kuma mutum biyu ne a jiki, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki. Yara na riƙe fuska da sauri, kuma in yana zuwa islamiyya ki nuna masa rubutun ajamin da ke jikin 200 da 500 da 1000 ya haɗa baƙin da kansa, ranar da ya karanto "naira ɗari biyu" da bakinsa za ki ga yanda zai ji daɗi. Sai dai ki hana shi dogaro da kala kawai, tunda aka sauya fasalin kuɗi a ƙarshen 2022 manyan takardun nan uku kowacce iri biyu ce a hannun mutane, tsohuwa da sabuwa, don haka lambar zai dinga dubawa.

Daga nan sai musaya, kuma nan ne yawancin iyaye ke tsallakewa. Ki riƙe ɗari guda a hannun dama, naira goma-goma guda uku a hagu, ki ce ya zaɓa. Ƙaramin yaro sau da yawa masu yawan zai ɗauka, sabida a idonsa uku ta fi ɗaya. In yaronki ya yi haka toh kin gano inda gizo ke saƙa, kar ki ƙara gaba sai kun daɗe a wasan "canza min". Ki ba shi ɗari ki ce canza min, ya ba ki hamsin biyu. Ki ce ban son hamsin, ya nemo ashirin biyar. Ki ba shi 500 ya fasa miki ita iri uku, ɗari biyar ɗai-ɗai, ko ɗari biyu biyu da ɗari, ko ɗari biyu da ɗari biyu da hamsin biyu. Ƙananan kuɗin ledan nan na 5 da 10 da 20 da yanzu kusan ba abinda suke saye sun dace da wannan, ba sa yagewa da wuri kuma in ɗaya ta ɓata ba asara kika yi ba. Amma ki fi ba da ƙarfi a ƙirgen hamsin-hamsin, hamsin, ɗari, ɗari da hamsin, ɗari biyu, har dubu, yana tafi ko yana tsalle yana faɗa, tunda farashin shago yanzu kusan duk a kan hamsin yake tafiya.

In wannan ya zauna sai ku buɗe shago a tsakar gida. Gwangwanin madara, kwalin ashana, ledar omo da ta ƙare, robar lemo, ki rubuta farashi ki manna, kuma shi ne mai shago ke ce mai saye, wannan yana da muhimmanci, don wanda ya saba ba da canji shi ke gane in an tauye masa. Ki fara da mai sauƙi, abin 50 ki ba da 100. Sai abin 150 ki ba da 200. Sai abin 650 ki ba da dubu, ki bar shi ya ɗora miki yana faɗa da ƙarfi, hamsin ɗari bakwai, ɗari ɗari takwas, ɗari biyu dubu. Kar ki ce masa dubu a ɗebe 650 nawa ne, ki ce masa ciko min. Wata rana kuma ki zama mai shagon ki rage masa hamsin da gangan ki ga ko zai kama ki, in ya kama ki yaba masa sosai a gaban babansa.

Akwai wani mataki da ko 'yan sakandare wasu ke ruɗewa a kai, inda mai shago zai ce ba ni da hamsin, kawo hamsin in ba ka ɗari biyu. Wato kayan 350 ne ka ba da 500, ka ƙara 50 ya zama 550, canjinka 200. Wannan ki bari sai ya ƙware a na farkon, in kika haɗa masa su lokaci ɗaya duka biyun za su zube.

Sai aike na gaske. Kafin ya fita ki tsayar da shi a bakin ƙofa, nawa na ba ka, nawa ne kayan, nawa za ka dawo da shi? Ya faɗa da bakinsa sannan ya tafi. Ki koya masa ya ƙirga canjin a gaban mai shago kafin ya juya baya, kuma ya iya cewa "Baba saura hamsin" cikin ladabi, don wani yaron ya gane an rage masa sarai kunyar babba ce ta hana shi magana. In farashi ya tashi, abinda ke faruwa kusan kullum yanzu, ya tambayi nawa ne ya dawo ya faɗa miki. Minti goma bayan la'asar ya isa, ba sai kin mai da abin aji na biyu ba. Ni abinda ke ƙarfafa min gwiwa shi ne iyayenmu mata da suka yi kasuwanci kafin naira ta zo a 1973, lokacin kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, ga sisi kwabo 6 ga taro kwabo 3, lissafin da ya fi na yanzu wuya nesa ba kusa ba, kuma da yawansu ba su taɓa riƙe fensir ba amma ba mai cin anininsu. A gindin tire suka koya, kusa da uwayensu.

TAMBAYA daga wani magidanci a Maraɗi: Salamu alaikum Hajiya. Ɗiyata shekara 8 tana lakwal, wato makarantar boko. Mushe, wato malaminsu, na koya musu kuɗi da Faransanci, ya nuna musu tsaba, wato kwandala, yace wannan 100 ce, in ta zo gida uwarta tace dala ashirin ce. Rannan an aike ta butik, wato shago, mai butik yace dala talatin, ta miƙa mishi ta 25 da ta 5 wai talatin ke nan kamar yadda aka rubuta a jiki, mutane suka yi ta dariya ta dawo tana kuka. Wanne za mu bi, na lakwal ko na gida?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Duka biyun za ku bi, don duka biyun za ta rayu da su. Kuma ka lallashe ta ka ce mata lissafinta daidai ne, 25 da 5 talatin ne, kawai dai ba a faɗa mata cewa kasuwa da dala take ƙirge ba, dala ɗaya kuma sefa 5 ce, abinda ta miƙa dala shida ne shi kuma 150 yake nufi. Ba Hausawa kaɗai ke haka ba, Bambarawan Mali da Wolof na Senegal su ma biyar-biyar suke ƙirga sefa da harshensu, yaransu ma sai sun bi ta wannan ruɗanin.

Ku a Nijar kun ma fi mu sa'a tunda tsabar kuɗi na aiki a hannunku kullum. Ka tara mata su ka jera daga ƙarama, ta 5 dala, ta 10 dala biyu, ta 25 dala biyar, ta 50 dala goma, ta 100 dala ashirin, ta 200 dala arba'in, ta 250 dala hamsin, ta 500 dala ɗari, takardar 1000 kuma jika. Ta fara haddace sunan kasuwa na kowacce kaman yanda take sanin sunan ƙannenta, ba tare da wani lissafi ba. Bayan nan sai ka samo 'yan dala-dala da yawa ta dinga jera su a gefen babbar, guda biyar kusa da ta 25, guda goma kusa da ta 50, tana ƙirgawa sau biyu, sau ɗaya da Hausa ɗaya biyu uku, sau ɗaya da Faransanci biyar-biyar. A nan za ta ga da idonta daga ina sunan ya fito. Ka kafa mata ƙa'ida mai sauƙi, in da Faransanci aka faɗi kuɗi lambar da ke rubuce ake nufi, in da Hausa aka faɗa dala ake nufi, in ta yi shakka ta tambaya ba kunya.

Canji kuma da dala za ta koye shi, ta hanyar cikon da na yi wa 'yar'uwarmu ta Zariya bayani. Kaya dala talatin da biyar, an ba da dala ɗari, ta ɗora dala biyar tace arba'in, dala goma tace hamsin, dala hamsin tace ɗari. In ta ƙara shekara ɗaya ko biyu sai ka nuna mata gajeriyar hanya, lambar da ke rubuce ta ninka ta biyu ta yar da sifilin ƙarshe, 350 ya zama 700 ya zama dala 70. In daga dala za ta koma, ta ƙara sifili ta raba biyu, dala 30 ya zama 300 ya zama 150. Amma kar ka fara da wannan, sai hannunta ya saba da tsabar tukuna.

TAMBAYA daga wani uba a Gusau: Malama, maiɗakina ta fara wasan shago da yaranmu, ɗaya shekara 6 ɗaya 3. Ni kuma ina ganin nuna wa yaro kuɗi da wuri buɗe masa ido ne, daga nan sai ɗauke-ɗauke. Ƙaramin ma duk abinda ya samu baki yake kaiwa. In hana?

AMSA: Malam kar ka hana na babban. Yaro ɗan shekara 6 ya riga ya san kuɗi na sayen alewa ko ka koya masa ko ba ka koya ba, abinda ya rage shi ne ya san kuɗi suna da mai su kuma ana ƙirga su. Gidan da ake ƙirga canji a gaban yaro a karɓa a ce Allah ya yi albarka, ya fi wuya a yi ɗauke-ɗauke a cikinsa kan gidan da ake watsar da canji a kan firij ba wanda ya san nawa ne. Ka duba Suratun Nisa'i aya ta 6, Allah ya ce a jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiyarsu, malaman tafsiri kuma sun yi bayanin cewa daga cikin jarrabawar har da ba su ɗan abu su gwada saye da sayarwa a ga hankalinsu. Kenan koyon riƙe kuɗi tun kafin balaga abu ne da addini ya san da shi. Abinda zan roƙe ka ka ƙara a wasan shi ne ɓangaren amana, wata rana ka ba shi canji fiye da nasa da gangan ka ga ko zai dawo da shi, in bai dawo da shi ba ka nuna masa a hankali cewa wannan hamsin ɗin haƙƙin mai shago ce. Mu ma manya mu kiyaye, kuɗin barka da sallah da ake karɓewa a ce kawo in ajiye maka daga nan ba a sake jin labarinsu, yaro yana lura. A ƙirga tare da shi, a saka a asusu, in za a yi masa wani abu da su a faɗa masa.

Shi ɗan shekara 3 kam kana da gaskiya, a raba shi da kuɗi, ya ƙirga manyan abubuwa kaman kofuna da takalma. Tsabar kuɗi na iya maƙale wa yaro a wuya, in ya haɗiye kar a sa masa yatsa kar a tilasta masa amai, a kai shi asibiti. In kuwa ƙaramin batirin nan ne mai kama da kwabo na agogo ko rimot, a ruga da shi nan take ko da yana wasansa, don cikin awa biyu yana iya ƙona maƙoshi. Kuma duk wanda ya yi wasa da kuɗi ya wanke hannu kafin cin abinci.

TAMBAYA daga wata baiwar Allah a Kano: Anti ni awara nake yi, 'yata mai shekara 9 ke kai min talla da yamma. Kusan kullum kuɗin ba sa cika, yau babu 200 gobe babu 300. Na yi faɗa na yi duka har na gaji, ita kuma sai rantsuwa take ba ta ci ba. Jarin nawa ƙanƙani ne wallahi. Ya zan koya mata lissafi?

AMSA: 'Yar'uwa Allah ya buɗa miki, na san ba don daɗi kike tura ta ba. Amma dan girman Allah ki ajiye dukan nan daga yau. Yarinyar da ta san in kuɗi ba su cika ba bulala na jiranta, ranar da wani ƙato a tasha ko gareji yace zo in cike miki, tsoronki ne zai sa ta bi shi, kuma ba za ta faɗa miki ba. Wannan ya fi asarar 300 ciwo har abada. Ni son samu ma a ce a ƙofar gida take zama da tiren inda idonki ke kai wa, ba ta wuce magariba, ba ta shiga shago ko ɗakin kowa kai awara, kuma tallar ba ta taɓa lokacin makarantarta ba, tunda dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta firamare da ƙaramar sakandare a kan kowane yaro.

Shi kuɗin da ba ya cika sau da yawa ba ita ke ci ba. Akwai mai cewa zan kawo miki anjima, akwai mai ɗaukar shida yace biyar ya ɗauka, akwai mai miƙa dubu a kan abin ɗari yana hanzarta ta har ta ba shi canji sau biyu, akwai yagaggen kuɗin da ke kika ƙi lissafawa, wani lokacin kuma yunwa ce ta sa ta ci biyu ta ji tsoron faɗa, don haka ki ciyar da ita kafin ta fita. Ki daina zuba mata awara a tire ki ce ta dubu uku ce. Ku ƙirga tare, ki jera su kashi-kashi, kowane kashi na ɗari, ta faɗi adadin kashin da bakinta. Ki ba ta canjin farawa da kuka ƙirga tare, a ce 500 ta hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, a jaka mai zip da za ta rataya. Ki koya mata kuɗin mai saye ya tsaya a hannunta ɗaya a fili har sai ta gama ciko masa da ɗaya hannun tana faɗa da ƙarfi, sannan ta saka a jaka, da haka ba mai cewa dubu na ba ki alhali 500 ya bayar. Ba bashi, in mutum ya matsa tace Mama ta hana. Babban kuɗi a kan ƙaramin ciniki kuma tace ba canji, gara cinikin ya wuce.

In ta dawo ku zauna ku ƙirga kashin da ya rage, ku ƙirga kuɗin, ku cire 500 ɗin farawa, ita za ta yi ke kina kallo. In an samu giɓi ki tambaye ta da murya mai sanyi su wa suka saya yau, wa ya ba da babban kuɗi, a ina ta tsaya. Cikin 'yan kwanaki za ki ji sunan wuri ɗaya ko mutum ɗaya yana ta maimaituwa, daga nan sai ki hana ta bin ta wurin, in kuma mutumin unguwa ne ki sa babanta ko wani babba ya je ya same shi.